Tuƙi Cikin Dusar Ƙanƙara: Abin da Na'urorin Mota Za Su Iya da Abin da Ba Za Su Iya Ba

Duk shekara, da zarar watan Nuwamba ya kama, ɗalibai da ma'aikatanmu da suka zo Kanada daga Kano ko Zariya ko Maraɗi sukan fara aiko mini da tambayoyi iri ɗaya a kan tuƙi cikin hunturu. Na tara su a nan domin kada in ci gaba da maimaita amsa ɗaya ga kowa.

Motata sabuwa ce, tana da ABS (na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki) da sauran na'urori. Dole ne in sayi tayoyin hunturu?

Dole ne. A lardin Kebek doka ce daga ranar 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, a Ontariyo kuma tun 2016 aka wajabta wa kamfanonin inshora su rage wa mai irin waɗannan tayoyi kuɗi. Idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, robar tayar da ka saba da ita takan taurare ta daina kama titi, ita kuwa ta hunturu an haɗa ta ne domin ta zauna da laushinta. Ka nemi wadda ke da alamar dutse mai tsini uku da ƙwayar ƙanƙara a cikinsa, kuma ka sa guda huɗu. Na gaji da jin masu cewa sun sa biyu a gaba domin su rage kashe kuɗi, alhali abin da suka sayo shi ne motar da bayanta zai wulla a kwanar farko. Duk na'urar da ke cikin motarka da riƙon da taya ta samu take aiki. Tana rarraba shi, amma ba ta iya ƙirƙirarsa.

Na taka birki sai na ji yana karkarwa yana ƙara ƙarƙashin ƙafata. Ya lalace ne?

Bai lalace ba, ABS ne yake aikinsa. Yana kama taya yana saki sau da yawa a cikin daƙiƙa guda domin kada ta kulle, saboda tayar da ta kulle ba ta bin sitiyari. Ka danne birkin da ƙarfi, kada ka ɗaga ƙafa, kada ka yi masa famfo irin na tsofaffin motoci, sannan ka juya zuwa inda kake so ka nufa. Amma ka sani cewa a kan dusar da ba a taka ba, ABS yakan iya tsawaita tazarar tsayawa. Abin da yake ba ka shi ne ikon kauce wa abin da ke gabanka.

In zuba ruwan zafi a gilashi domin ƙanƙarar ta narke?

A'a, gilashin zai iya tsagewa. Ka kankare da makankara, ka share rufin motar ma, domin dusar da ka bari a sama a gilashin na bayanka za ta faɗa.

Tawa mai ja da tayoyi huɗu ce, ai ba ni da damuwa ko?

Masu irin wannan magana su ne aka fi gani a ramin gefen titi. Jan tayoyi huɗu yana taimaka maka ka tashi, ba ya taimaka maka ka tsaya, domin kowace mota a tayoyi huɗu take taka birki. Haɗarinsa ma shi ne yana ɓoye maka santsin da ke ƙasa har sai lokacin da ka buƙaci birki. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya ce a kan ƙanƙara tazarar tsayawa tana iya ninkawa sau goma, kuma wannan lissafi bai ware manyan motoci ba.

Mene ne amfanin fitilar nan mai hoton mota da layuka masu lanƙwasa da take ƙiftawa?

Wannan ita ce na'urar daidaita mota, wadda wasu kamfanoni ke kira ESC wasu kuma ESP, kuma a ganina bayan bel ɗin kujera babu abin da ya kai ta ceton rai. Tana auna inda ka juya sitiyari, tana auna inda motar take nufa a zahiri, idan suka saɓa sai ta taka wa taya ɗaya tak birki ta rage ƙarfin inji, abin da babu direban da zai iya yi da ƙafarsa komai ƙwarewarsa. Kamfanonin Bosch da Mercedes ne suka fito da ita a 1995, ta kuma bazu bayan 1997, lokacin da wata ƙaramar Mercedes A-Class ta kife a gwajin kauce wa dabba a Suwidin. Kanada ta wajabta ta a sababbin motoci daga Satumban 2011, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014. Idan tana ƙiftawa, kada hankalinka ya tashi, amma ka fahimci saƙonta: gudunka ya wuce abin da titin zai ɗauka.

To yaushe ya halatta in danna maɓallin da ke kashe ta? Wani ya ce a kashe cikin dusa, wani ya ce kada a taɓa.

Kowannensu yana da gaskiya a wurinsa, kuma amsar ta dogara da irin motarka da irin wurin da kake. A ƙarƙashin maɓallin nan abubuwa biyu ne: akwai mai hana taya juyawa a banza lokacin tashi, akwai kuma mai daidaita motar da na bayyana a sama. A wasu motoci dannawa ɗaya tana kashe na farko kawai, sai ka riƙe maɓallin na ɗan lokaci kafin na biyu ya mutu; a wasu kuma na'urar takan kunna kanta idan gudu ya ƙaru. Saboda haka littafin motarka ya fi ni sanin abin da naka maɓallin yake yi, kuma gara ka karanta shi a ɗaki da ka neme shi a gefen titi cikin dare.

Idan kana tafiya a kan titi, ko babba ne ko ƙarami, ka bar komai a kunne, wannan babu ja-in-ja a cikinsa. Inda maganar take canzawa shi ne idan motar ta kafe a dusa mai zurfi, misali a bakin gida bayan motar share titi ta tara maka tudu. A nan na'urar takan ga taya tana juyawa sai ta yanke ƙarfin inji, kana taka totur motar tana zaune, kuma kashe ta na ɗan lokaci yakan ba ka damar yin gaba da baya a hankali har ka fita. Sai dai ko a nan ba zan ce ka fara da maɓalli ba. Ka fara da shebur ka kwashe dusar gaban tayoyi da ta ƙarƙashin mota, ka miƙe sitiyari, ka zuba yashi idan kana da shi. Wanda ya taɓa kafewa a rairayin hanyar Agadas ya san cewa yawan totur rami yake ƙara tonawa, a nan kuma har da ƙari, domin zafin taya yana narka dusar ta sake daskarewa ta zama ƙanƙara mai sulɓi, giyar motar ma tana iya yin zafi ta lalace.

A kan tudu mai ƙanƙara tsantsa kuwa, mafi yawan lokaci barinta a kunne ya fi, domin juyawar taya a banza ba ta da abin da za ta kama. Na ce mafi yawan lokaci ne saboda motoci sun bambanta, wasu ma suna da tsarin dusa na musamman da ke tashi da giya ta biyu. Abin da ba shi da bambanci shi ne, da zarar ka fita ka mayar da ita.

Zan iya amfani da na'urar da ke riƙe gudu da kanta?

A kan santsi, a'a. Ƙafarka ce ya kamata ta ji titi, musamman a kan gada, wadda take daskarewa kafin sauran titin saboda iska tana ratsa ta sama da ƙasa.

Fitilar ABS tana kunne tun da na sayi motar, amma birki yana kamawa.

Wannan ɗabi'ar gida ce, inda mukan bar fitilar shekara da shekaru ko makanike ya cire ƙwan a huta. Kada ka kawo ta nan. Fitilar tana nufin ABS ba ya aiki, kuma da yake na'urar daidaita mota da ma'aunan tayoyinsa take amfani, galibi ita ma ta tafi. Ka kai ta gareji kafin dusar farko. Haka nan kyamara da na'urar radar masu taka birki da kansu ko masu tsare maka layi, da zarar dusa da gishirin titi sun rufe su sun makance, layin ma ba a ganinsa.

Idan guguwa ta rutsa ni a hanya motar ta tsaya fa?

Ka zauna a cikinta, ka kira agaji. Ka riƙa kunna inji na ɗan lokaci domin ɗumi, amma kafin kowace kunnawa ka fita ka tabbatar dusa ba ta toshe bakin salansa ba, domin hayaƙin da zai dawo ciki yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari kuma tana kisa. A guguwar dusar da ta afka wa birnin Buffalo na Amurka a Disamban 2022 fiye da mutum 40 suka rasu, wasunsu a cikin motocinsu. Ka ajiye bargo da shebur da tocila da cajar waya a but, kuma kada ka bari mai ya sauka ƙasa da rabin tanki daga Nuwamba har zuwa Afrilu.