Hazon Ƙwaƙwalwa Ba Gigin Tsufa Ba Ne

Tun bayan annobar korona ta 2020 kalmar "hazon ƙwaƙwalwa" ta shiga bakin mutane. Waɗanda suka tashi daga cutar ne suka yayata ta, suna bayyana yadda tunaninsu ya ƙi komawa daidai watanni bayan sun warke. Yanzu ta koma kan matan da suka haura shekara 40, har ya zama da wuya a taɓo zancen ɗaukewar al'ada a shirin lafiya ba a ambace ta ba. Na ji daɗin hakan, domin an daɗe ana yin shiru a kan wannan lamari. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu masu gabatarwa ke ambaton ta tare da gigin tsufa a numfashi ɗaya, kamar wannan ne mafarin wancan. Mace mai shekara 47 da ke saurare, wadda jiya sunan abokiyar aikinta ya ɓace mata, me ake so ta kwana da shi a zuciya?

Kalmar ba sunan cuta ba ce, kuma babu gwajin jini da zai nuna ta. Suna ne da masu fama da abin suka ba shi: kalma ta tsaya a bakin harshe ta ƙi fitowa, a shiga ɗaki a manta abin da aka zo ɗauka, a karanta shafi a kai ƙarshe ba a riƙe komai ba. Kusan mata 6 cikin 10 ne ke kokawa da irin wannan a shekarun da al'ada ke rikicewa kafin ta ɗauke. A nan ma akwai wani kuskuren. Ana cewa al'ada ta ɗauke ne idan mace ta yi wata 12 a jere ba ta gan ta ba, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55. Amma mantuwar ta fi tsananta tun kafin nan, lokacin da jinin ke zuwa yana fashi, shi ya sa mata da yawa ba sa danganta ta da shi ko kaɗan.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga wani dogon bincike a Amurka da ake kira SWAN, wanda ya fara bibiyar mata sama da 3,000 tun 1996. Shekara bayan shekara ana yi musu gwaje-gwaje iri ɗaya. A karanta wa mace gajeren labari a ce ta maimaita, a jero mata lambobi a ce ta faɗe su daga ƙarshe zuwa farko, a ba ta alamomi ta haɗa su da lambobi cikin sauri. Duk wanda aka yi ta maimaita masa gwaji ɗaya, makinsa kan ƙaru saboda sabo. Sakamakon da likita Gail Greendale da abokan aikinta suka wallafa a 2009 ya nuna cewa matan da ba su shiga sauyin ba, wato al'adarsu ba ta fara rikicewa ba, suna samun wannan ƙarin maki. Waɗanda ke tsakiyar sauyin kuwa makinsu ya tsaya wuri ɗaya. A lura da kyau, tsayawa ya yi, ba rugujewa ba. Abin da suka sani yana nan, kama sabon abu ne ya yi musu nauyi. Da al'adar ta ɗauke gaba ɗaya, sai makin ya ci gaba da hawa kamar da.

Wannan sakamako ya ƙaryata ɓangarori biyu lokaci guda. Ya ƙaryata mai cewa raki ne kawai, tunda ga abin an auna an gani. Ya kuma ƙaryata mai cewa ƙwaƙwalwa ce ta fara lalacewa, domin cutar Alzaima, mai jawo gigin tsufa, ba ta sassautawa bayan 'yan shekaru, gaba take yi. Shi ya sa nake ganin wanda ya fara cewa "hazo" ya dace da suna: hazo yana tare gani, amma bai rushe ko gida ɗaya ba, kuma yana washewa. Sai dai ba kowa ce ke samun sauƙin da wuri ba. Binciken da masaniya Pauline Maki ta jagoranta a kan mata masu ƙaramin ƙarfi, wasunsu na ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ya nuna cewa a wurinsu matsalar kan zarce har bayan ɗaukewar al'ada.

Me ke jawo shi? Sinadarin istirojin da jikin mace ke samarwa ba na haihuwa kaɗai ba ne. Ƙwaƙwalwa tana da wuraren karɓarsa a sashen da ke adana sabon abin da aka koya, da sashen goshi mai tsara tunani, da sashen da ke daidaita zafin jiki. Yana kuma taimaka mata wajen ƙona suga, ita da ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin jiki duk da ƙanƙantarta. A shekarun sauyin, istirojin ba ya sauka a hankali, hawa da faɗuwa yake yi ba tsari. Hotunan ƙwaƙwalwa da masaniya Lisa Mosconi ta wallafa a 2021 sun nuna raguwar amfani da suga da sauyi a wasu sassa, sannan suka nuna ƙwaƙwalwar na daidaita kanta daga baya. Rabin farko na wannan labari ne ake yawan karantowa a iska, a bar rabi na biyu. Ga kuma zafin da ke tasowa kwatsam da zufar dare, waɗanda kan ɗauki mace shekara 7 ko fiye. Wadda ke farkawa jiƙe da gumi kowane dare, barcinta ya yanke, ina za ta riƙe abu da safe? A ƙara da cewa shekarun nan ne aiki ya fi nauyi, ga 'ya'ya, ga iyaye sun tsufa.

Gaskiya ne kusan kashi biyu cikin uku na masu Alzaima a Amurka mata ne, amma cutar ba ta cika bayyana kafin shekara 65 ba, kuma kamanninta daban ne. Mai hazo ita ce ke lura da mantuwarta, ta damu, kalmar kuma ta dawo mata bayan an jima. Mai gigin tsufa kan ɓace a hanyar da ta saba bi, ta maimaita tambaya ɗaya ba ta san ta yi ba, kuma yawanci 'yan uwa ne ke fara ankara. Irin wannan na buƙatar likita ba tare da jinkiri ba, ko shekarunta nawa.

Ina kuma jin haushin yadda kalmar ta zama jarin masu tallar ƙwayoyin "gyaran ƙwaƙwalwa". Ko maganin maye gurbin istirojin, wanda yake aiki sosai a kan zafin jiki da zufar dare, likitoci ba sa ba da shi don mantuwa kaɗai. A wani babban gwaji da aka wallafa a 2003, matan da suka fara shan haɗin istirojin da furojestin suna da shekara 65 ko fiye, haɗarin gigin tsufa ya ninka a wurinsu. Wani haɗarin kuma shi ne a ɗora wa hazo komai a fasa bincike. Jini mai yawa da ke zuba a shekarun sauyin kan jawo ƙarancin jini, shi ma yana dusashe tunani. Haka raunin ƙwayar tayiroid da ke wuya, da ƙarancin bitamin B12, da ciwon damuwa, da sarƙewar numfashi cikin barci. Duk waɗannan ana gano su, ana kuma maganinsu, kuma su ya kamata mace ta nemi a duba mata, tare da awon hawan jini da suga, kafin kowa ya ce mata ai shekaru ne.