Kun bar nama, to dunƙulen fa?

Wata uku ke nan ina ganin abu ɗaya a ranar awon masu hawan jini, kuma abin ya fara isa ta. Mace za ta shigo da fara'arta ta ce, "Malama, na bi maganarku, na bar jan nama, yanzu miyar kori da madarar kwakwa nake yi, kayan lambu zalla." Sai in ɗaura mata abin awo, in tarar jini na nan sama inda na bar shi. Makon jiya wata dattijuwa, sa'ar mahaifiyata, awonta ya nuna 170 bisa 100, alhali tana shan maganinta. Na ce, "Mama, dunƙule nawa ake jefawa a tukunyar nan?" Ta juya ta kalli jikarta. Yarinyar ta ƙirga da yatsu ta ce takwas, ban da gishiri, ban da ɗan farin nan na leda. Tukunyar mutum huɗu fa!

Ita miyar ba ta da laifi, ni ma ina yin ta a gidana. Girkin mutanen kudancin Indiya ne, irin su jihar Kerala, da Sri Lanka da Tailan, inda kwakwa take kamar yadda gyaɗa take a wajenmu. A Indiya akwai miliyoyin mutanen da ko ɗanɗana nama ba su taɓa yi ba, kuma daɗin miyarsu daga kayan ƙamshin da suke soyawa yake fitowa, da ɗan tsamin tsamiya ko lemon tsami. Mu kuwa da muka karɓo ta, sai muka ga babu nama, babu ƙashi, muka ce to a cike gurbin da dunƙule. Nan ne muka ɓata rawarmu da tsalle.

'Yan uwa, dunƙulen nan gishiri ne. Na faɗa a wajen awo, na faɗa a gidan suna, zan sake faɗa a nan. Ƙaramin dunƙule nauyinsa wajen giram 4 ne, kuma kusan rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum zai ci a yini guda ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Ku yi lissafin tukunyar Mama da kanku: dunƙule takwas a raba wa mutum huɗu, kowa ya kusa cinye rabonsa na yini a kwano ɗaya. Ba a yi maganar ƙosan safe ba, ba a yi ta tuwon dare ba, ba a yi ta yajin da ake barbaɗawa ba. Ga kanwar da kuke zuba wa wake don ya yi saurin nuna, ita ma tana ɗauke da sinadarin nan na gishiri da ke ɗaga jini.

Sai a ce mini, "Ai Malama, ban sa gishiri ba, dunƙule kawai na sa." Haba Hajiya! Wa kike yi wa wayo? Ni ce nake ganin waɗanda ake kawowa a kwance ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Ni ce nake rubuta wa masu ciwon ƙoda takardar zuwa babban asibiti. Wallahi ba na son in ga ko ɗaya daga cikinku a wannan layin.

Na san abin da kuke tsoro: maigida ya ce miya ta yi lami, yara su ture kwano. Ku yi haƙuri, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni in an rage a hankali. Kuma madarar kwakwa tana da nata garɗin, ba ta buƙatar a yi mata ciko.

A gurguje, ga yadda nake yi:

Albasa mai yawa, a soya ta a ɗan mai kaɗan har ta yi ja. Kwakwa da kanta mai ce, kada a yi ambaliya.
Citta da tafarnuwa da attaruhu a jajjaga, a zuba, sannan kurkur da kori da masoro, su soyu har ƙamshi ya tashi. A duba ledar korin, wasu da gishiri a ciki.
Kabewa, dankalin Hausa, karas, da waken da aka jiƙa tun dare aka dafa ba kanwa.
Madarar kwakwa daga baya, a rage wuta. Alayyahu ko zogale dab da saukewa.
Gishiri kaɗan a ƙarshe, bayan an ɗanɗana, sai a matse lemon tsami. Dunƙule in ya zama dole, ɗaya. Ɗaya na ce.

Abin da ya rage kada ya kwana a waje cikin zafin nan, kwakwa ba ta jure ajiya. Maganin hawan jini kuma kada wadda ta ajiye shi don ta koma cin ganye.

Ranar awo mai zuwa kowace ta taho mini da wadda take riƙe da ludayin gidan, 'ya ce ko suruka ko kishiya, domin da ita nake son yin magana.