Waiwaye: Ko girman jiki ne ke cin damben masu nauyi?

Tun da aka buɗe gasar takobin kokowa a Tawa a 1975, ba a ɗora ɗan kokowa bisa sikeli, ƙarami da ƙato fili guda suke shiga. Shi ya sa a fadojin Yamai, in an zo kan damben turawa, wasu ke cewa kilo zancen banza ne. Amma can awo doka ne: Issaka Dabore ajin kilo 63.5 ya shiga lokacin da ya ciwo wa Nijar lambar tagulla a gasar Olamfik ta Munik a 1972. Ajin masu nauyi kaɗai aka bari ba iyaka ta sama.

A da galibi ƙananan jiki ne ke riƙe da kambun duniya na masu nauyi. A 1919 Jack Dempsey mai kilo 85 ya kai Jess Willard mai kilo 111 ƙasa sau bakwai a turmin farko. Rocky Marciano bai kai kilo 90 ba, ya yi wasa 49 ba a taɓa cin sa ba. A Kinshasa a 1974, Muhammad Ali da George Foreman duk suna kusan kilo 100.

Daga nan jikuna suka yi ta ƙaruwa, har hukumar damben duniya ta WBC ta ware wa matsakaita ajinsu a 1979, wanda yau iyakarsa kilo 90.7. Ƴan gidan Klitschko, wa da ƙane zakarun duniya, suka zo da kilo 110 da tsawon kusan mita biyu. Ƙaton zamani ya koyi abin da na da bai iya ba. Yana tsare ka daga nesa da doguwar hagu. In ka kutsa, ya rungume ka ya sakar maka nauyinsa a wuya kafin alƙali ya raba, a turmi na shida ƙafafu sun mutu. Haka Tyson Fury ya gajiyar da Deontay Wilder a 2020.

Sai dai kowane kilo numfashi yake ci. Andy Ruiz ya doke Anthony Joshua a Yunin 2019, ya dawo a Disamba da ƙarin kusan kilo bakwai, ya kasa cim ma Joshua cikin fili, kambun ya kuɓuce.

Oleksandr Usyk ne ya sake tada musun. Da kilo 101 ya ci Fury mai kilo 119 a Riyad a Mayun 2024, da sauya kusurwa da hana shi hutu har turmi 12. Masu cewa nauyi ba kome suna manta cewa Usyk sai da ya ƙara kilo goma bayan ya baro ajin matsakaita. A ganinmu ɗan dambe na yau yana bukatar kilo 100 don ya jure runguma da naushin ƙatti. Abin da ya ɗaru a kai, in ba ƙafa da numfashin ɗaukarsa, kaya ne.