Ma'anar "bila" da "bale": gidan haya da rumfar ciyawa a tsibirin Bali

Duk wanda ya taɓa leƙa tallan masaukan tsibirin Bali a intanet, ko ya ga hotunan ango da amarya da suka je hutun bayan biki can, zai ci karo da kalmomi biyu: villa da bale. Ta farkon kunnenmu ya saba da ita, sai dai da wata ma'ana. A Najeriya in ɗan siyasa ya ce an kira shi Villa, fadar shugaban ƙasa ta Aso Rock yake nufi. Asalin kalmar daga harshen Latin ta fito, sunan gidan da attajiran Rum ke ginawa ne a gonakinsu na bayan gari, inda suke zuwa su huta da hayaniyar birni.

A harkar yawon buɗe ido kuwa, bila, kamar yadda bakinmu ke faɗinta, gida ne sukutum da ake ba ka haya na wasu kwanaki, kai da iyalinka kaɗai. A otal ɗaki kake kamawa, ka haɗa wurin cin abinci da wurin ninƙaya da ɗaruruwan mutanen da ba ka sani ba. A bila katanga ce kewaye da kai, ƙofa ɗaya, lambu naka, wurin ninƙaya naka, kicin naka. Kuɗin da ake faɗa maka na gidan ne baki ɗaya a kowane dare, gwargwadon yawan ɗakunan kwana, ba na kowane mutum ba. Yawancinsu suna da mai shara da mai kula da lambu. Masu tsada har da kuku da direba da mai gadi. Sai dai masu talla sun saki kalmar ta yi sako-sako. Wani ɗan ƙaramin gini mai ɗaki ɗaya, manne da irinsa guda goma a layi, shi ma bila ake kiransa muddin an haƙa masa ramin ruwa a gaba.

Bale ita ce kalmar da ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ita ce ta mutanen tsibirin. Bali yanki ne na ƙasar Indonesiya, kuma ko da yake Indonesiya ta shahara da ɗimbin Musulminta, mafi rinjayen mutanen Bali mabiya addinin Hindu ne. A harshensu bale rumfa ce: daɓe mai ɗan tudu, ginshiƙan katako, rufi a sama, sau da yawa ba bango ko kaɗan, ko kuma bango a gefe ɗaya ko biyu. Ba kayan ado ba ce a wurinsu. Gidan gargajiya na mutumin Bali ba gini ɗaya ba ne mai ɗakuna a ciki; tarin rumfuna ne da ke kewaye da fili a tsakiya, wanda suke kira natah, kowace rumfa da aikinta. Bahaushen da ya tashi a gida mai zaure da tsakar gida ba zai yi baƙunta da tsarin ba, har da ɗan bangon da suke ginawa daf da ƙofar shiga, mai suna aling-aling, wanda ke tilasta wa mai shigowa ya karkata dama ko hagu, ya kuma hana mai wucewa hango matan gida. Su a imaninsu bangon yana tare miyagun iskoki ma, wai ba su iya kwana ba, miƙe suke tafiya.

Ba a dasa rumfunan nan inda aka ga dama. Mutumin Bali ya fi lura da dutse da teku a kan arewa da kudu. Ɓangaren da ke fuskantar tsaunuka, musamman dutsen Agung mai aman wuta wanda tsayinsa ya haura mita 3,000, shi ne kaja, ɓangare mai daraja. Wanda ke kallon teku kuma kelod. Wurin ibadar iyali yana kusurwar da ta haɗa kaja da gabas. Bale daja ta ɓangaren kaja, wadda ita ce mai cikakken bango, nan maigida ke kwana, nan ake adana kayan gado. Rumfar gabas, wadda suke kira bale dangin, ta bukukuwan addini ce, a cikinta ake shimfiɗe gawa kafin jana'iza. Bale dauh ta yamma ta baƙi ce da aikin hannu. Kicin da rumbun shinkafa suna ɓangaren kelod, mai kallon teku. Hatta awon ginin daga jikin maigidan ake ɗauka: gabansa, kamunsa, tsawon tafin ƙafarsa. Maginin gargajiya, wanda suke kira undagi, yana bin ƙa'idoji rubutattu da ake ce wa Asta Kosala Kosali. Girman rumfa kuwa da yawan ginshiƙanta ake faɗinsa: mai huɗu, mai shida, mai takwas, mai tara, har mai goma sha biyu. A wajen gida ma kalmar tana nan. Bale banjar ita ce rumfar taron unguwa, bale kulkul kuma hasumiyar da ake rataye gangar katako don kiran jama'a.

Wadda baƙo zai tarar a lambun bilar da ya kama, sunanta bale bengong. Bengong shi ne mutum ya zauna zugum ya zura wa sarari ido, ba ya aikin komai. Ƙarama ce, ginshiƙai huɗu, an ɗaga dandamalin katako kamar tsayin gwiwa daga ƙasa, an shimfiɗa katifa da matasai, wani lokaci da labule fari a gefe. Ƙafar kowane ginshiƙi a kan dutse take zaune, ba a binne ta ba, don kada danshi da gara su cinye ta.

Rufin shi ne abin kallo. Ciyawar da ake baibaya da ita sunanta alang-alang, kuma ba wata baƙuwa ba ce: tofa ce, wadda manomi a ƙasar Hausa ke fama da saiwarta a fadama. Ana yanke ta in ta yi tsawo, a shanya, a kakkaɓe tarkacen, sannan a riƙa ɗibar ta tsiri-tsiri ana ninkewa a kan siririn tsagin gora ana ɗaurewa, har a sami yanta mai tsawo. Mai baibaya yana farawa daga ƙasa, yana ɗaure kowace yanta a jikin tankar gora, ta sama tana hawa kan ta ƙasa kusa da kusa. In ka kwanta a cikin rumfar ka ɗaga kai, ba silin za ka gani ba, layukan ɗauri ne reras, ɗaruruwa, kamar an ja su da ma'auni. A nan ake gane aikin gwani da na ha'inci. Inda aka matse layukan, rufin ya yi kauri, zai daɗe. Inda aka buɗa su don a rage ciyawa, damina kaɗan zai fara yoyo. Dole kuma jinkar ta yi tsaye sosai don ruwa ya gangare da sauri, ganin cewa daga Nuwamba zuwa Maris sama ba ta wasa a Bali. Akwai wani baƙin zare da ake samu a jikin wata bishiya dangin giginya, ijuk, wanda ya fi tofa ƙarko nesa ba kusa ba, amma shi an fi keɓe shi ga wuraren bauta.

Ni a ganina babu rufin da ya kai wannan dacewa da ƙasa mai zafi da gumi. Ba ya ɗaukar zafin rana kamar kwano, iska tana ratsa shi, in ana ruwa ba ka jin ƙara. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tsaka tana zama a ciki, da ƙwari, wani lokaci har ɓera. Ɗan garin ciyawa yana zubowa kan shimfiɗa. Bayan wasu shekaru sai an kware shi an sake sabo, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi gobara. Shi ya sa yanzu wasu masu gidaje ke sa kwano ko tayil su lulluɓe da ciyawar roba. Daga nesa a hoto ba ka bambancewa. Sai ka zauna a ƙarƙashi da azahar.

Yadda rumfar iyali ta zama hajar sayarwa yana da tarihi. A 1962 aka buɗe wani ƙaramin masauki a bakin tekun Sanur, Tandjung Sari, da ɗakuna daban-daban masu rufin ciyawa a cikin lambu. A 1966 kuma, a Sanur ɗin dai, aka buɗe otal ɗin Bali Beach mai hawa 10. Wannan dogon ginin bai kwanta wa mutane a rai ba, daga baya aka kafa dokar da ta hana gini ya wuce mita 15, wato kusan tsayin bishiyar kwakwa. A 1989 aka buɗe otal ɗin Amandari kusa da garin Ubud, wanda wani mai zanen gini ɗan Ostireliya, Peter Muller, ya tsara shi kamar ƙauyen Bali: lunguna masu katanga, kowane baƙo da ƙofarsa da tsakar gidansa. Masu kuɗi suka so abin, masu gini suka kwaikwaya. Da shafukan kama masauki na intanet irin su Airbnb da Booking.com suka zo, duk mai fili ya zama mai masauki.

A nan ne ya kamata mai niyyar zuwa ya san a kan me yake kwana. Tunda an hana gini ya yi sama, sai ya bazu a ƙasa, kuma ƙasar da ya samu gonakin shinkafa ne. Canggu, wadda ba da daɗewa ba ƙauyen manoma da masunta ce, yau bila ce jingine da bila, ga cunkoson babura. Noman shinkafa a Bali yana tafiya ne bisa wani tsohon tsarin rabon ruwa na haɗin gwiwa, subak, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2012. Ruwa yana bin magudana daga gona zuwa gona. In aka gine fili ɗaya a tsakiya, na ƙasa da shi yakan rasa ruwa ko ya sami gurɓatacce, darajar fili ta tashi, haraji ya biyo ta, maƙwabci ma ya ga gara ya bayar da tasa haya. Abin takaicin shi ne, kallon koren gonar nan shi ake tallatawa, ginin kuma shi ke cinye ta. Ga rijiyoyin burtsatse da ake haƙawa don cika wuraren ninƙaya. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen tsibirin sun kai miliyan 4.3, alhali baƙi daga ƙasashen waje da suka shigo a 2019 kusan miliyan 6.3 ne, kuma bayan annobar korona adadin ya sake komawa can a 2024.

Dokar filaye ta Indonesiya ta 1960 ba ta yarda baƙo ya mallaki ƙasa mallaka ta har abada ba. Saboda haka Turawa da sauran baƙin da ke da bila a Bali galibi hayar filin suka yi na shekara 25 ko 30. Wasu kuma aron sunan ɗan ƙasa suke yi su saya, abin da doka ba ta amince da shi ba. Gidajen da ake bayarwa haya ba lasisi suna da yawa, kuma hukuma ta fara motsawa: a Yulin 2025 an rushe gine-gine fiye da 40 a bakin tekun Bingin, cikinsu har da masaukai, saboda an yi su ba izini. Tun 14 ga Fabrairun 2024 kuma kowane baƙo ɗan yawon buɗe ido daga ƙasar waje yana biyan harajin rupiya 150,000, kimanin dala 10.

Duk da haka ba zan ce kada a kama bila ba. Ga iyali Musulmi ma tana da wata fa'ida babba, wato sutura. Hajiya da 'ya'yanta mata za su iya shiga ruwa ba idon kowa, abin da ba zai yiwu a otal ba. Kicin yana hannunka, sai ka gaya wa kuku tun ranar farko cewa ba alade ba giya, domin gasasshen alade yana cikin manyan abincin mutanen tsibirin. A waje kuma akwai gidajen abincin Musulmi 'yan Jawa da 'yan Padang, wasu sassan Indonesiya, a ko'ina. Alƙibla daga can yamma take, da ɗan karkata arewa, ba gabas ba. Kowace safiya za ka ga ma'aikaciyar gidan ta ajiye ɗan kwandon ganye da furanni da turaren tsinke a bakin ƙofa. Ibadarsu ce, a kewaye shi, kada a taka. Mai tafiya a watan Maris ya duba kalanda, don yawanci a lokacin ake Nyepi, sabuwar shekararsu: awa 24 ba fita titi, ba kunna fitilar da za a hango daga waje, filin jirgin sama na Ngurah Rai ma rufe shi ake yi, kuma dokar ta hau kan baƙo kamar yadda ta hau kan ɗan gari.

Kafin a tura kuɗin kafin alƙalami, akwai tambayoyin da hoto ba ya amsawa. Falon rufe yake ko buɗe? Da yawa ba su da bango ta wajen lambu, sauro kuwa a can yana kawo zazzaɓin dengi, don haka a tabbatar ɗakunan kwana suna rufuwa ko akwai gidan sauro. Banɗakin yana da rufi? Wasu rabinsa sarari ne. Wurin ninƙaya galibi ba shinge, taku biyu ne daga ƙofar ɗaki. Mai ƙananan yara ya nemi a kafa masa shingen gora na haya kafin ya iso. A tambaya ko ana gini a maƙwabta, domin ƙarar injin yankan tayil tun safe ita ce kukan da baƙi suka fi yi a Canggu da Uluwatu. A nemi sanin ko gidan yana da lasisin karɓar baƙi, da kuma wanda za a kira in famfo ya tsaya cikin dare. Kuɗin haya yana tashi a Yuli da Agusta da kuma ƙarshen Disamba. Kuma kada a biya ta asusun mutumin da aka haɗu da shi a Instagram kawai, don 'yan damfara suna kwashe hotunan gidajen gaske su buɗe shafin bogi da su, su karya farashi, su karɓi kuɗi su ɓace.