Waiwaye: tun daga majigi har kwamfuta, me ke hana fasaha zama a aji?

Duk sanda na ji ana cewa wai wata sabuwar na'ura ta fito wadda za ta juya harkar karantarwa, sai in tuna ɗakin kwamfuta na wata makaranta da na taɓa koyarwa. Kwamfutoci ne reras an lulluɓe su da leda, ƙura ta hau ledar har kana iya rubuta sunanka da yatsa, makulli kuma na aljihun shugaban makaranta. Kuma fa ba mugunta ce ta sa ya kulle ba, shi ya sa hannu ya karɓi kayan, in ko linzami ɗaya ya ɓace wuyansa za a kama. Abin yana min ciwo har yau, don yaran na leƙe ta taga kullum.

To wannan matsala ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun 1913 Thomas Edison ya ce littafi ya kusa zama tsohon yayi a makarantu, majigi ne zai gaje shi, kuma cikin shekara goma komai zai canza. Shekara goman ta zo ta wuce allo da littafi na nan daram. Dalili kuwa a fili yake, injin da tsada, sai an duhunta aji, sai malami ya yi layi kafin ya samu, wani lokacin fim ɗin ya iso bayan an wuce darasin da sati biyu. Sai rediyo ta shigo, BBC ta fara shirye-shiryen makarantu a 1924, nan ma aka ce an gama. Amma rediyo ba ta jiran yaron da bai gane ba, ba ka ce mata maimaita, kuma lokacin shirin bai cika dacewa da jadawalin makaranta ba.

Talabijin ce aka fi zuba wa kuɗi da buri. A 1964 aka mayar da makarantun tsibirin Samoa ta Amurka kan talabijin, a shekarar ne ma Nijar ta fara nata gwajin, Kodebuwa ta biyo baya a 1971 da gagarumin shiri. Abin da ya faru shi ne darasi ana shirya shi can a situdiyo, malamin aji ya koma mai kunna akwati da kashewa da tsawata wa yara, wa zai so a mayar da shi haka bayan ya yi shekaru yana sana'arsa? A Samoa shirin ya dinga ja da baya cikin shekarun 1970, na Kodebuwa kuma aka rufe shi a farkon shekarun 1980 bayan tsada da ƙorafin iyaye da malamai sun yi yawa. Larry Cuban na jami'ar Stanford, wanda shi kansa tsohon malamin sakandare ne, ya bi diddigin tarihin nan ya ga abu ɗaya ke ta maimaituwa: a yi ta kururuta na'ura, a saya, a tarar ba a amfani da ita sosai, sai a juya a ce malamai ne ba sa son ci gaba.

Ni wannan zargin ne ba na yarda da shi. Ka ɗauki malama mai minti 40, ta shigo da furojekta, minti biyar ya tafi wajen neman wayar da za ta shiga, wani biyar ɗin kwamfuta ta ce sai ta sabunta kanta, yara sun fara surutu, intanet ta tsaya ana tsakiyar bidiyo, ga manhajar karatu da dole ta ƙare kafin jarrabawa, jarrabawar kuma da biro da takarda za a yi ta. Gobe in ta ɗauki alli ta nufi allo ai ba ƙin ci gaba ta yi ba, lissafi ta yi. A 1999 wata mai bincike, Peggy Ertmer, ta kasa cikas ɗin gida biyu, akwai na waje kamar rashin kayan aiki da lokaci da horo da mai gyara, akwai kuma na cikin zuciyar malami, wato yadda ya ɗauki karantarwa da tsoron kada ya ji kunya gaban yaran da suka fi shi iya latsa waya. Na biyun ya fi wuyar magani, kuma bitar kwana biyu da ake tara malamai a ba su takardar shaida ba ta taɓa shi ko kaɗan.

Sai zamanin raba wa kowane yaro kwamfuta. A 2005 wani masanin fasaha na Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin laftof ɗin dala 100, ranar da aka nuna samfurin a Tunis hannun da ake juyawa don caji ya ɓalle a hannun Kofi Annan, farashin ma bai taɓa sauka zuwa dala 100 ɗin ba. Peru ta sayi dubban ɗaruruwa ta raba, da aka yi bincike aka fitar a 2012 sai aka ga yara sun iya sarrafa na'urar amma lissafi da karatu ba su motsa ba. Kada kuma a ce talauci ne kawai, a Los Anjeles ta Amurka an ƙaddamar da shirin raba wa ɗalibai iPad na sama da dala biliyan ɗaya a 2013, manhajar darussan ba a ma kammala ta ba, cikin 'yan kwanaki ɗaruruwan ɗalibai suka cire shingen tsaro suka shiga abin da suke so, a 2014 aka dakatar da kwangilar. Rahoton OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, na 2015 ma ya nuna ƙasashen da suka kashe maƙudan kuɗi kan kwamfuta a makarantu ba su ga wani ci gaban a zo a gani ba a karatu da lissafi da kimiyya.

Inda abin ya ɗore akwai, Yurugwai ce. Ta fara shirinta na Ceibal a 2007 da irin laftof ɗin da Peru ta saya, sai dai ita ta kafa hukumar da ke kula da gyara da intanet a makarantu da horar da malamai shekara bayan shekara, gwamnatoci suka yi ta canzawa shirin bai mutu ba. Da korona ta rufe makarantu a 2020 tana cikin ƙasashen da suka koma karatu daga gida ba tare da wahala sosai ba, alhali a duniya yara wajen biliyan 1.6 ne rufewar ta shafa, UNICEF kuma ta ce aƙalla miliyan 463 ba su da hanyar samun darasi daga nesa kwata-kwata.

Yanzu kuma tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 magana ta koma kan ƙirƙirarriyar basira, ana ta cewa kowane yaro zai samu malaminsa na kansa. Ina fata hakan ta tabbata wallahi. Amma rahoton UNESCO na 2023 ya ce kashi 40 cikin 100 ne kawai na makarantun firamare a duniya ke da intanet, kusan ɗaya cikin huɗu ma ko lantarki babu. Kuma ko inda akwai su, ina nan ina jiran ranar da za a kira malamar nan mai minti 40 kafin a sa hannu a kwangila, a tambaye ta wane darasi ne ke ba yaranta wahala, kuma a faɗa mata wanda za ta kira in na'urar ta ƙi tashi ranar Litinin da safe.