Fatent ba rajistar kamfani ba ce

Kwanakin baya wani ɗan ƙanwata mai walda a Magazin ta Suame, unguwar makanikai da maƙera a Kumasi, ya same ni gida a Aboabo, ransa a ɓace. Ya ƙera injin ɓarzar gyaɗa mai wata 'yar dabara ta tankaɗe, bai ko gama more shi ba sai ga irinsa sak a rumfar wani. Ya ce, "Kawu, ai ina da takarda, kotu za ta raba mu." Da ya miƙo takardar na duba, ashe rajistar kamfani ce.

Nan ne mutanenmu da yawa ke tuntuɓe. Rajistar kamfani, wadda dokar kamfanonin Ghana ta 2019 ta tsara, sana'arka take mayarwa mutum mai zaman kansa a idon shari'a: ya ci bashi, ya yi ƙara, a yi ƙararsa. Ba ruwanta da abin da hannunka ya ƙera. Alamar kasuwanci kuma suna da tambari take karewa. Fatent daban yake.

Fatent ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Kai za ka tona asirin dabararka a rubuce, dalla-dalla, yadda duk wani gwani zai iya bi ya ƙera. Hukuma kuma ta ba ka ikon hana kowa ƙerawa, sayarwa ko shigo da abin ba da izininka ba, har shekara 20 daga ranar da ka shigar da buƙata. Wa'adi na cika, dabarar ta zama ta kowa. Shi ya sa mai maganin gargajiya da ba ya son a san haɗinsa, fatent ba hanyarsa ba ce.

Dokar Ghana ta 2003 ta gindaya sharuɗɗa uku: abin ya zama sabo a duniya baki ɗaya, ya zama da dabarar da ba kowane gwani zai hango ta da sauƙi ba, kuma a iya amfani da shi a masana'anta. Rigingimun kotu da dama a kan na biyun suke ko kusa da shi. A 2013 Kotun Ƙolin Indiya ta hana kamfanin Novartis fatent a kan sabon fasalin maganin ciwon daji mai suna Glivec, don bai nuna ya fi na da warkarwa ba. Ni dai na yaba wannan hukunci, domin ɗan kwaskwarimar da ake yi wa tsohon magani don a ƙara shekarun cin kasuwa, talaka ke biyan kuɗinta. Apple da Samsung kuwa sun ja daga a kan fatent ɗin wayar hannu tun 2011, masu taya alƙali hukunci a Amurka suka yanke wa Samsung fiye da dala biliyan 1 a 2012, aka yi ta ɗaukaka ƙara har suka sasanta a 2018.

Wani abin lura, fatent ba ya tsallake iyaka. Na Amurka ba ya ɗaure maƙerin Kumasi sai in an yi masa rajista a nan, ko dai a ofishin Babban Magatakarda a Accra, ko ta ARIPO, ƙungiyar rajistar fatent ta wasu ƙasashen Afirka da ke Harare, wadda Ghana ke cikinta.

Ga ƙananan ƙere-ƙere irin na yaron nan, doka ta tanadi wata takarda mai sauƙin sharuɗɗa wadda ba ta neman dabara mai zurfi, sai dai shekara 7 kawai take yi. Ita na nuna masa. Damuwata ɗaya ce: ya riga ya ɗora bidiyon injin a TikTok, kuma wanda ya bayyana ƙirƙirarsa da kansa wata 12 doka ta ba shi ya shigar da buƙata kafin a daina kiran abin sabo. Muka buɗe wayarsa muka ƙirga, wata biyar sun tafi.