Waiwaye: Yadda man kifi ya shiga zancen idon tsofaffi

Dattijon da ciwon lalacewar tsakiyar gani ya kama ba ya cewa duniya ta yi masa duhu. Cewa yake yi idan jikansa ya tsaya a gabansa yana ganin hula da kunnuwa, amma tsakiyar fuskar ta ɓace. In ya dubi bakin ƙofa, sai ya ga layin ya lanƙwashe kamar igiyar shanya. Abin da ya lalace ɗan wuri ne a tsakiyar tantanin da ke can bayan ido, wanda likitoci ke kira makula. Da shi ake karatu, da shi ake zura zare a allura. Tun a 1885 Otto Haab, likitan ido ɗan Suwizalan, ya bayyana lalacewarsa a tsufa.

To me ya haɗa ido da mai? A 1929 George Burr da matarsa Mildred, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, suka hana ɓeraye duk wani abinci mai maiƙo. Sai girmansu ya tsaya, fatarsu ta bushe tana ɓarewa. Daga nan aka gane akwai nau'in man da jiki ba ya iya haɗa wa kansa, dole sai an ci. Daga baya aka gano cewa ƙwayoyin ido masu karɓar haske cike suke maƙil da DHA, wani mai daga dangin omega-3 da ke da yawa a kifi irin su titus da sadin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da masani Richard Young ya nuna a 1967: kawunan waɗannan ƙwayoyi ba su dawwama. Kullum sai sun zubar da wani ɓangare, tantanin da ke ƙarƙashinsu ya haɗiye, kuma cikin kwana 10 ko kusa da haka sun sabunta gaba ɗaya. Aikin shara ne na tsawon rai. Idan shekaru suka ja, sai tarkace mai maiƙo ya fara taruwa a ƙarƙashi, ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa, irin waɗanda likita ke hangowa idan ya haska idon mai ciwon makula.

Ganin haka, masana suka sa rai. A 2011 wani bincike kan mata kimanin 38,000 a Amurka ya nuna masu cin kifi aƙalla sau ɗaya a mako haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 42 cikin 100, idan aka kwatanta da waɗanda sai su yi wata ba su ci ba. Kasuwar kafson man kifi ta buɗe.

Amma da aka zo gwaji na gaske, labari ya sha bamban. Cibiyar Ido ta Ƙasar Amurka ta bi mutum 4,203 har shekara 5 a binciken AREDS2, ta ba wasu kafson omega-3, wasu kuma kafso na banza. Sakamakon 2013 ya nuna man bai rage ci gaban ciwon ba. Abin da ya tabbata tun a 2001 shi ne haɗin bitamin C da E da zink, wanda ke rage haɗarin tsanantar ciwon da kusan kashi 25 ga waɗanda ya riga ya kama. Wani gwaji mai mutum sama da 25,000, wanda aka fitar a 2020, shi ma bai ga kariya daga kafson man kifi ba.

A ganina, mai cin kifi ba mai kaɗai yake ci ba. Sau da yawa shi ne mai cin ganye, wanda kuma ba ya busa sigari. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga dattijo a kemis yana ƙirga kuɗin fanshonsa a kan kwalbar man kifi, alhali babu wanda ya duba bayan idonsa. Wataƙila ma yanar ido ce ke damunsa, wadda tiyata ke cirewa, ita ce kuwa kan gaba wajen makantar da mutane a Nijeriya. Kuma babu wanda ya tambaye shi ko yana shan taba, wadda ke ninka haɗarin lalacewar makula aƙalla sau biyu.